Tambaya da Amsa: Wa Ke Ba Da Izinin Sayar da Wutar Sola?

Tambaya: Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa na son kafa sola mai kilowat 150 ta riƙa sayar wa shaguna wuta. An ce yanzu jihohi ke da iko kan lantarki. Jiha za mu nufa ko Abuja? Daga wani sakataren ƙungiya.

Amsa: Malam Sakatare, ya danganta da inda jiharku ta kai. Gyaran tsarin mulki da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, da Dokar Lantarki da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin shekarar, sun ba jihohi damar samarwa da rarraba wuta a cikin iyakarsu. Amma ikon ba ya zuwa haka kawai. Sai majalisar jiha ta yi doka, an kafa hukumar sa ido, an sanar da NERC, wato hukumar tarayya mai sa ido kan lantarki, sannan ita NERC ta miƙa ragama cikin wata shida. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024. Inda ba a kai nan ba, NERC ce mai magana, ko da gwamna ya sa hannu jiya.

A ƙa'idar NERC ta 2023, ƙaramar tashar da ba ta haɗe da layin ƙasa, in ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista ta ishe ta. Daga nan zuwa megawat 1 sai da takardar izini, kuma nan taku ta faɗa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kamfanin rarraba wuta. Idan turakunsa da wayoyinsa sun shiga kasuwar, to yankinsa ne, ko da wata uku ba ku ga ƙyallin wuta ba. Dole a ƙulla yarjejeniya tsakanin ɓangare uku: ku, da mai kafa solar, da kamfanin, a rubuta kuɗin hayar layinsa da awannin da kowa zai ba da wuta. Masu sayo faranti da batura kafin wannan takarda kan tarar kuɗinsu ya kwanta a sito.

Farashi ma ba ku kaɗai za ku yanka ba, sai hukuma ta amince. Kada kuma ku ɗauka hukumar jiha na nufin wuta mai arha. A 2025 ta Enugu ta rage kuɗin kowane yunit na rukunin A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa a rana, daga naira 209 zuwa 160, kamfanonin samar da wuta suka yi ca, domin wutar daga layin ƙasa take zuwa, farashinta kuwa ba a hannun jiha yake ba.