Amsar murya: auna tsoka kafin aikin kansar hanji

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yamma. Majo, na saurari tambayarki: mai kansar hanji, kilo 80 a sikeli, ga shi da jiki, don me likitan tiyata ke cewa ba shi da ƙarfin ɗaukar aiki?

To, sikeli bai san kitse ba, bai san tsoka ba. Ciwon nan yana iya cin tsoka ya bar kitse, kuma in ciki ya tara ruwa ko ƙafa ta kumbura, ruwan ma kilo ne. Bayan an yanka mutum, daga tsoka jiki ke ɗibar furotin na warkewa. Wanda tasa ta zube, rauni ya ƙi haɗewa, ƙwayoyin cuta su shiga, ya kasa tari da ƙarfi har huhu ya kamu, ya daɗe a gado.

Awon da ya fi inganci, da sikanar cikin da aka riga aka yi ne, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, ba sai an sake biyan kuɗi ba. A cikin hotunan sikanar, ana ɗaukar guda daidai ƙashin baya na uku na kugu, L3. A kwamfuta a zagaye duk tsokar wurin, ta gefen ƙashi, ta baya da ta bangon ciki, tsakanin -29 da 150 a ma'aunin Hounsfield, wanda sikana ke bambance tsoka da kitse da ƙashi da shi. Faɗin filin tsokar da ya fito, a murabba'in santimita, a raba shi da tsayin mutumin sau tsayinsa. Misali faɗi 120, tsayi mita 1,70, ya ba ki wajen 41,5. Iyakar da aka fi ambata, wadda ƙasa da ita tsoka ta yi kaɗan, ita ce 52,4 ga namiji, 38,5 ga mace. Amma fa a kula, daga masu ƙiba na Kanada aka samo ta a 2008. Siririn Badamagare yana iya faɗawa ƙasa da ita alhali lafiyarsa lau, don haka kar a yanke hukunci da lamba kaɗai.

Inda ake ɓatawa: a ƙirga ƙashi ba daidai ba, a haɗa bangon hanji cikin zagayen, ko a kimanta tsayi da ido. A auna shi da mita, don Allah.

In babu sikana, kamar a ƙaramin asibiti na CSI, akwai abin yi. Mara lafiyar ya zauna a kujera, hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5. Ya haura daƙiƙa 15, ƙarfinsa ya ragu. A zagaye sha-raɓa da tef inda ta fi kauri, ƙasa da santimita 31 alama ce ta zubewar tsoka, sai dai kumburi yana ruɗar wannan awon. In akwai na'urar matse hannu, ƙasa da kilo 27 ga namiji, 16 ga mace, shi ma ƙarfi ya ragu.

An gano? Kafin ranar aiki a ciyar da shi: furotin giram 1,2 zuwa 1,5 a kowane kilo na nauyinsa a rana, ƙwai, nono, kifi, awara, nama mai laushi, da tafiya kullum. Wanda kansar ta fara toshe masa hanji kuwa, ban da kopto da wake mai ɓawo, kuma wannan ba a jira, a kai shi babban asibiti nan take.