Hukuncin sayar da gida don a ƙarasa rayuwa a Madina

Tambaya: Malam, na yi ritaya daga aikin koyarwa a nan Damagaram. Burina in cika a Madina. Wani dillali ya ce in sayar da gidana na Birni in ba shi kuɗin, in shiga da bizar Umra, daga baya zai samo mini igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya saya mini ɗaki da sunan wani Balarabe. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Alhaji, burinka mai kyau ne. Tirmizi ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da wanda ya sami iko ya rasu a Madina, kuma Sayyidina Umar ya roƙi Allah haka. Amma wannan hanyar ba ta halatta ba.

Bizar Umra alkawari ce: an ba ka kwana 90 bisa sharaɗin za ka fita. Wanda ya karɓe ta da niyyar ɓoyewa ya yi ƙarya tun wajen cika takarda, alhali Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura. A dokar Saudiyya kuma, wanda ya zarce wa'adi yana fuskantar tara har riyal 50,000, da ɗaurin da zai kai wata 6, sannan kora. Dattijo mai shan magani, ba takarda, yana tsoron asibiti, wace natsuwar ibada zai samu?

Shi dillanci halal ne. Sai dai wannan nau'in ji'ala ce, wato ladan da ake yi wa mutum alkawari in ya cimma wani aiki, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, mai ji'ala ba shi da komai sai aiki ya kammala, kuma ba a sharɗanta biya tun gaba. To ina ga wanda ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa? Igama hukuma ce ke bayarwa. Idan ta hanyar kafili ce da zai rubuta ka ma'aikacinsa alhali ba aikin za ka yi ba, ƙarya ce aka saya da kuɗi. Izinin zama na dindindin da Saudiyya ta buɗe a 2019 riyal 800,000 ne, fanshon malamin makaranta bai kai nan ba.

Ɗakin da aka rubuta da sunan wani kuwa, a gaban alƙali nasa ne. Ranar da ya rasu ’ya’yansa za su gada, naka su tashi ba na Birni, ba na Madina. Wannan ya fi komai damuna, domin ciyar da iyali da ba su muhalli wajibi ne a kanka, zaman Madina mustahabbi, kuma ba a tozarta wajibi don mustahabbi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Salmanul Farisi ya rubuta wa Abud Darda'i cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ke tsarkake shi.

Ka bar gidanka. In da hali ka ba da hayar wani sashe, ka tara, ka je Umra ta kamfanin da COHO, hukumar Hajji da Umra ta Nijar, ta amince da shi, ka zauna Madina iyakar kwanakin bizarka, ka dawo. In ka riga ka ba dillalin wani abu, kana da haƙƙin karɓa. Ka nemi shaidu biyu ku je masa.

Wallahu a'alam.