In aka sake garƙame boda, kisa zai ragu?

Tambaya: Malam, daga Jibiya nake. A watan jiya mun binne mutum uku a ƙauyenmu. A majalisa kowa cewa yake maganin abin a sake rufe bodar Nijar, tunda ta can bindigogi ke shigowa. Don Allah haka ne? Barci ya ƙaurace mana.

Amsa: Allah ya jiƙansu, ya ba ku haƙuri. Ɗan'uwa, wannan magana kullum sai na ji ta, har daga bakin masu manyan kujeru, kuma ta ishe ni.

Ai an gwada. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a Agustan 2019, sai Disambar 2020 ta buɗe. Bodar tana a rufe aka kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a Mayun 2020. Tana a rufe aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara. Tsakaninmu da Nijar akwai iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500, abin da ake sa wa kwaɗo kuwa shingen Magama, Illela, Kongolam da Maigatari ne. Yaushe mai safarar bindiga ya taɓa bin layi gaban kwastam? Babur yake hawa da dare, ya ratsa daji.

Wanda rufewar ke kamawa shi ne ɗan dako, ɗan acaɓa, mai kai shanu da wake kasuwa. A Nuwamban 2019 aka hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, gidajen mai suka zama kango. Saurayin da ya wayi gari ba na koko, shi ɓarayin daji ke nema ya kai musu burodi da mai, ko ya zama infoma. Haka aka yi a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2015: don a karya Boko Haram aka hana babura, kamun kifi da cinikin tattasai, talaka ya fara karyewa.

Sannan a yi hattara da "kisa ya ragu" na jami'ai. Mu yau ake kashe mutum, yau ake binne shi, ba takarda. Masu ƙirga gawa da rahoton jarida suke aiki. Da aka katse layukan waya a Zamfara da sassan Sakkwato da Katsina a Satumban 2021, labari ne ya daina fita. A cikin wannan duhun aka faɗa wa kasuwar Goronyo a Oktoba, aka kashe mutane da dama, ba mai iya kiran agaji.

Abin da za ku matsa wa wakilanku a kai shi ne sintirin haɗin gwiwa da sojan Nijar, wanda ya yi sanyi tun juyin mulkin Yulin 2023. Ɓarawo ya yi ta'asa a Jibiya ya kwana a dajin Madarunfa da ke cikin Nijar, ba mai bin sa. Sai hanyar da motar soja za ta iya bi da damina, da asibitin da zai karɓi wanda aka harba kafin jini ya ƙare masa.