Likita ya ce a kwantar da ɗana a asibitin ƙwaƙwalwa

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara 14 ya daina barci, yana maganar kashe kansa, kina tsoron in an kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano ba zai fito ba.

Irin wannan kwanciya yawanci kwanaki ce zuwa 'yan makonni. Za a sa masa ido dare da rana, a daidaita magani, a zauna da ku iyaye. Ki tambaya ko ana barin mai jinya.

Kuskuren da na fi gani shi ne, da yaro ya ji sauƙi sai a ajiye maganin. Kar a yi, sai da izinin likita. Yau ɗin nan ki ɓoye wuƙaƙe da fiya-fiya. In ya sha wani abu, ku garzaya asibiti mafi kusa. Allah ya ba shi lafiya.