Amsa ga mai son rina riga kala biyu a gida

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Kin ce kina da farar doguwar riga da wasu tishat na yara, kina so ki rina su a gida sama kala ɗaya ƙasa kala ɗaya irin wanda kike gani a Instagram, layin da ya raba su ya fita a miƙe tsaf, kuma an ce miki ai kawai ki tsoma rabi a wannan bokiti rabi a wancan shikenan. To wlh ba shikenan ba ne. Na jima ina rini a tsakar gida ina sayarwa, bari in gaya miki yadda abin yake.

Yawancin waɗannan rigunan da layinsu ya fita zar, ba ɗinkakkiyar riga aka tsoma ba. Yadi ne aka rina kowanne daban, ya bushe, sannan tela ya yanka ya haɗa. Ɗinkin shi ne layin. Don haka in tsaftataccen layi kike so ki shiga kasuwar Kantin Kwari da ke Kano ki yanko farin yadi na auduga ko farar shadda, ki raba biyu ko uku, kowane yanki da bokitinsa, ki kai wa telanki ki nuna masa hoton. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ko wani yanki bai yi miki ba shi kaɗai zaki sake.

Dalili kuwa, auduga tana jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Kin tsoma rigar iya ƙugu, kina tsaye kina kallo kalar zata riƙa hawa a hankali ta wuce inda kika yi alama, kuma ba a tare take hawa ba, wajen ɗinkin gefe da inda ya tattare hawansa daban, sai layin ya fito a karkace. Sannan inda kala biyu suka haɗu sai sun haifi ta uku, ruwan ɗorawa da shuɗi su ba ki kore, ja da shuɗi su ba ki wani abu mai duhu, ja da kore kuwa ruwan ƙasa ne mara kyan gani kamar rigar ta yi dauɗa.

Amma tunda rigar tana hannunki a ɗinke ga yadda nake yi. Da farko ki duba ko auduga ce. Ki zaro zare kaɗan daga cikin kalmasa ki sa masa ashana, in ya ci ya zama toka mai laushi yana warin ƙonanniyar takarda to auduga ce, in ya narke ya dunƙule ya yi tauri to mai roba ne, kada ma ki ɓata kuɗinki, galurar da muke saya ba ta kama shi. Kuma ki sani ko rigar auduga ce zaren da aka ɗinka ta yawanci na roba ne, zai fito fari tas a kan kalar. Wasu na so, ni dai bana so a rigar manya.

Ki wanke rigar da omo ki fitar da sitati da maiƙo. Ki ja alama da alli inda kike so kalar ta tsaya, ki tattaro wajen a hannu ƙanana ƙanana yadda alamar zata jeru a layi ɗaya, sai ki ɗaure da robar tiyub ɗin keke da aka yanka siriri, ki ja iya ƙarfinki ki naɗa ya kai faɗin yatsu biyu ko uku. Nan ne duk aikin yake, ɗaurin da ya yi sako-sako ruwa zai bi ta ƙarƙashi. Ɓangaren da ba a so ya taɓa kala ki cusa a leda ki ɗaure bakin ki rataye shi a igiyar shanya, ƙasan kawai ke cikin bokiti. Ki fara da kala mai haske, ki ɗauraye, ta bushe, sannan ki juya ki yi mai duhun, ki ɗan matsar da ɗaurin yadda mai duhun zata hau bakin mai hasken kaɗan ta rufe shi. Ko kuma ki bar farin layin da robar ta bari a tsakani, da gangan, wlh yana kyau musamman a tishat ɗin yara. Mafi sauƙi ma ga mai koyo ki bar saman fari ki rina ƙasan kawai.

Haɗin ruwan: galura, soda (wato caustic soda, ba ta girki ba) da haidiro (wato hydrosulphite, farar hoda ce ta masu rini), inda ake sayar da ɗaya nan ake sayar da sauran. Ni a rabin bokiti na ruwan zafi nake sa cokali biyu na galura, biyu na soda, uku zuwa huɗu na haidiro, in motsa da sanda har ya narke, in bar kayan kamar minti 10 zuwa 15 ina juyawa a hankali. Kada ki tsorata in kin ga kalar da ke bokiti ba ita kika saya ba, sai kin ciro ta sha iska take juyewa a gabanki. Haka ma na gargajiya yake, ki leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano kusa da asibitin Murtala, wadda aka ce tun 1498 ake rini a wurin, zane yana fitowa daga karofin baba yana kore-kore, suna ɗaga shi iska ta buga shi ya koma shuɗi, su sake tsomawa har ya yi duhun da suke so. In ɗaya daga kalolinki shuɗi ne ma ki kai musu kawai, kuma masu bugu na nan gefe su buga miki shaddar ta yi sheƙi.

Dan Allah maganar sodar nan kada ki ɗauke ta da wasa. Tana cin fata, ki sa safar hannu ta roba mai tsawo, ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan ba ruwa ake zuba mata ba, kuma bokitin roba zaki yi amfani da shi banda tukunyar alminiyam don tana cinye ta. A fili zaki yi ba a ɗaki ko kicin ba, warin haidiro yana shaƙe mutum. Ragowar ki kulle inda yara basa kaiwa, fara ce, yaro zai ɗauka sukari ne, ruwan da kika gama da shi ma kada ki bar shi a ajiye a tsakar gida.

In kin gama ki ɗauraye ɓangaren mai duhu yana kallon ƙasa tun robar na ɗaure, sai ruwan ya fara fita fes sannan ki kwance. Ki shanya a inuwa, mai hasken a sama. Wankin farko da na biyu ita kaɗai da ruwan sanyi kuma kada ki jiƙa ta ta kwana. Ki fara gwadawa da tishat ɗaya tukuna kafin ki taɓa doguwar rigar, in kin yi ki turo mana hoto mu gani.