Mutum-mutumi Zan Saya Wa Ɗalibaina Ko Kwamfuta?

Tambaya: Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta a Zariya. An ware mini ɗan kuɗi in fara koya wa 'yan aji biyar da shida haɗa manhaja. Wani ɗan kasuwa ya kawo mana tallan mutum-mutumi masu taya. In saya, ko in nemi kwamfuta?

Amsa: Malama, ki dakata da mutum-mutumin nan tukuna. Ki sayi kwamfutocin cinya na hannu masu lafiya, ko da uku ne, kowacce da linzaminta, don jan abu da ɗan yatsa yana wahalar da yara. Ki gwada batir kafin ki biya, tunda wuta ba ta da tabbas.

Manhajar kuwa kada ki ba kowa ko sisi. Scratch kyauta ce. Cibiyar MIT ta Amurka ce ta fitar da ita a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma akwai wadda ake saukewa ta yi aiki babu intanet. Yaro ba ya rubuta komai mai tsawo, tubalan umarni masu launi yake ja yana jerawa, kyanwar da ke kan allo tana bi.

Inda nake so ki fi ba da ƙarfi shi ne gyaran kuskure. Ki sa su bibbiyu su haɗa ƙaramin wasa, kyanwa na bin ƙwallo, maki na ƙaruwa. Za ki ga kyanwar ta bugi gefen allo ta dawo kai a ƙasa, ƙafa a sama. Ko a danna koriyar tuta, wato maɓallin fara wasa, a sake wasa, makin ɗazu yana nan bai koma sifili ba. Don Allah kada ki karɓi linzamin. Ki tambaye su: me kuka so ta yi, me ta yi? Su karanta tubalan da baki ɗaya bayan ɗaya, su cire guda su sake gwadawa. Yaron da ya gano da kansa cewa bai sa umarnin mayar da maki sifili a farko ba, ya riƙe darasin ke nan.

In kuɗi ya ragu baɗi, sai ki duba micro:bit, ɗan allon da BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya a 2016. Shi ma da tubala ake sarrafa shi.

Tambaya: 'Yata shekararta shida. Ta yi ƙanƙanta?

Amsa: A'a, Alhaji. Akwai ScratchJr ta 'yan shekara 5 zuwa 7, tubalanta hotuna ne, ba sai ta iya karatu ba. In akwai tablet a gida, ta wadatar. Ka zauna kusa da ita, ka bar ta ta danna da kanta.