Ɗana ba ya wasan komai sai na harbi tun da muka yi gudun hijira: in hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara guda ke nan da muka baro ƙauyenmu a yankin Kolofata, a arewacin Kamaru, bayan an kawo hari cikin dare, yanzu muna zaune a Mora. Ɗana mai shekara 6 kullum sai ya jera duwatsu ya ɗauki karan dawa yana harbinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma koma fitsarin kwance. Babansa ya ce sai da bulala zai bari. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce min ana yi wa yara magani da wasa. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kiyaye gaba, ya musanya muku da alheri. Da gaske ne, kuma don Allah a ajiye bulalar nan.

Babba idan abu ya ci masa rai yakan samu wani ya amayar masa. Yaro ɗan shekara 6 ba shi da kalmomin, sai ya faɗa da hannunsa. Duwatsun nan da yake jerawa, daren nan yake maimaitawa, amma yanzu karan yana hannunsa, shi ke cewa a fara, shi ke cewa a tsaya. Haka tsoron ke raguwa. In an doke shi zai daina a gabanku ne kawai, abin ya fito ta mafarki da firgita.

Jinyar ba sabuwa ba ce. A 1947 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Virginia Axline, ta shimfiɗa ƙa'idojinta guda 8, kuma jigonsu shi ne yaro ke jan ragama, babba na biye. An fi yi wa 'yan shekara 3 zuwa 12, yawanci sau ɗaya a mako, minti 30 zuwa 50. Irin wannan fahimta ce ta sa ƙungiyoyin agaji ke keɓe wa yara wurin wasa da zane a sansanonin 'yan gudun hijira kamar Minawao, kusa da Mokolo.

Ke ma akwai abin da za ki iya a gida, ko da ba zai maye gurbin ƙwararre ba. Ki zaɓi lokaci guda, misali bayan la'asar, ki shimfiɗa tabarma, ki zuba yashi a faranti, ki ajiye laka, 'yartsana, motar gwangwani da gawayin zane. Ki zauna ƙasa tare da shi na minti 20. Kada ki tambaye shi “me ya sa?”, kada ki gyara masa labarin. Ki faɗi abin da idonki ya gani kawai: “Na ga wannan ƙaramin ya ɓuya bayan babban, ya ji tsoro.” Iyaye da yawa nan suke kasawa, don bakinmu ya saba da wa'azi. Doka ɗaya ce: ba dukan mutum, ba fasa kaya.

Sai ki sa ido ko labarin yana sauyawa. Ranar da wani dutse ya tsira, ko mota ta zo ta kwashe su, sauƙi ya fara samuwa. Idan kuwa makonni sun wuce wasan bai canza ba, yana yinsa fuska a ɗaure, ya tashi a firgice maimakon ya huce, ko ya daina magana da cin abinci, to ki kai shi asibiti ki nemi mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ko da sai an tura ku Marwa.

Fitsarin kwance bayan firgici abu ne da aka saba gani, yakan tafi idan hankali ya kwanta. Ki hana yara yi masa ba'ar amalala. Duk da haka a gwada fitsarin, don ciwon mafitsara ma na kawo shi, kuma in kin ga jini a ƙarshen fitsari, a duba tsargiya. Shi kuma maigida, ki lallaɓa shi ya zauna gefen tabarmar ko sau ɗaya ya kalla, ba tare da ya ce uffan ba.